Wa zai biya yatsan yaron da injin yankan fayif ya cire?

Duk wanda ke bin titin Zariya daga Gadar Dangi zuwa Unguwa Uku, ko ya shiga Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya zagaya ta titin Maiduguri wajen kasuwar Tarauni, ya san yadda unguwannin nan ke sauya kama. Gidan da aka sani shekara talatin da darbejiya a ƙofarsa, sai a wayi gari an kewaye shi da kwano. Kafin shekara ta zagayo ya zama filaza mai hawa biyu ko uku, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Kusancin wurin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da kasuwar waya ta Farm Centre ya sa ƙasa ta yi tsada, kuma mai fili ba ya son ya bar shi kwance.

Kowane irin wannan gini yana cin fayif fiye da yadda mai wucewa zai zata. Akwai na roba da ruwa ke bi, da mai kauri na bahaya da sokawe, da siririn da ake binnewa a bango saboda wayar wuta. Akwai na ƙarfe da ake haɗa mazaunin tankin ruwa, da na jikin matakala, da na rumfar mota, da wanda magina ke takawa su hau sama. Babu wanda ke zuwa daga kasuwa daidai da awon da ake so, dole sai an yanka. Kuma a yau kusan duk yankan nan da abu ɗaya ake yin sa: ƙaramin injin yankan ƙarfe na hannu, mai faifai a baki, wanda ƙararsa ke tashin maƙwabta tun kafin yara su tafi makaranta.

Wanda ke riƙe da injin galibi ba oga ba ne. Yaronsa ne, ko leburan da aka ɗauko da safe a bakin titi, ga silifas a ƙafa, ido a buɗe, ya take fayif ɗin da ƙafa ɗaya ya duƙa a kansa. Ranar da faifan ya fashe, ko injin ya yi tsalle ya sauka a hannu, kalma ɗaya ce ke fitowa daga bakin kowa: tsautsayi. Daga nan magana ta ƙare. A ɗaure hannu da tsumma, a tare Adaidaita Sahu, oga ya zaro abin da ya sawwaƙa daga aljihu, wani yaron ya ɗauki injin ya ƙarasa yankan.

Ni a ganina yawancin waɗannan raunuka an gama shirya su tun kafin faifai ya taɓa fayif. A wurin ciniki aka shirya su, lokacin da mai gini ya matse ɗan kwangila, ɗan kwangila ya matse mai sana'a, mai sana'a ya sayi faifai mafi arha ya kuma kwance marfin inji. Kowa a jerin nan ya rage wa kansa kashe kuɗi, abin da aka rage kuwa yaron ne ke cika shi da yatsa ko ido. Shi ya sa nake cewa nauyin ya koma wurin da ribar take.

Abin da ke juyawa a hannun yaron

Ana raina injin nan saboda ƙanƙantarsa. Ƙaramin, mai cin faifan inci huɗu da rabi, yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Babban, mai faifan inci tara, yana yin kusan 6,500. Masu ƙera faifan yanka sun sa iyakar gudun bakinsa a mita 80 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 288 a awa. Babu direban da ya taɓa yin wannan gudu tsakanin Kano da Zariya. Faifan kansa kuma ba ƙarfe ba ne. Ɓarɓashin dutse ne mai kaifi da aka manne da wani irin danƙo da zaren gilashi, wani kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba. In ya fashe, da wannan gudun ɓallinsa ke fita, kuma fuska da wuya da cinyar mai yanka su ne mafi kusa da shi.

Saboda haka aka yi wa injin marfin ƙarfe da ke rufe rabin faifan ta ɓangaren mai riƙo. Ku tsaya a kowane wurin gini ku duba, za ku ga marfin nan shi ne abu na farko da ake kwancewa a jefar. Dalilin kuɗi ne. Babban faifai ya fi daɗewa kafin ya cinye, kuma yana nitsewa cikin fayif mai faɗi ya datse shi a zuwa ɗaya ba sai an yi ta juya shi ba. Ramin tsakiyar babban faifai da na ƙarami ɗaya ne, don haka babban zai zauna a ƙaramin inji, amma sai an cire marfi. To ga lissafin: faifan inci tara an yi shi ne don juyi kusan 6,600 a minti. In aka ɗaura shi a injin da ke yin 11,000, bakinsa zai kai wajen kilomita 475 a awa, ƙarfin da ke neman tarwatsa shi kuma ya kusa ninka uku na abin da aka gina shi ya ɗauka. An ƙara haɗarin fashewa, an kuma cire abin da zai tare ɓallin, duk a lokaci ɗaya.

Wani abin da da yawa ba su sani ba, har cikin masu sayarwa: faifan yanka yana da wa'adi kamar magani. Danƙon da ke riƙe da shi yana mutuwa, galibi bayan shekara uku da ƙerawa, kuma kamfanonin kirki na buga ranar ƙarewar a jikin zoben ƙarfen da ke tsakiya. Zafi da laima na gaggauta lalacewarsa. Ku tuna yadda ake baje shi a kan tebur a rana tun safe har la'asar, ko yadda yake kwana a buhun kayan aiki ƙarƙashin guduma.

Fayif kuma yana da hali irin nasa da rodi ba shi da shi. Cikinsa fanko ne, jikinsa zagaye, yana mirginawa. In aka ɗora dogon fayif a kan bulo biyu aka yanka a tsakiya, nauyinsa kan sa bakin yankan ya rufe ya cije faifan. A wannan ƙiftawar ido faifan ya tsaya amma injin bai tsaya ba, sai ya fizge daga hannu ya yi baya, inda cikin mai yankan yake, ko ƙasa inda ƙafar da ta take fayif ɗin take. Ƙwararre ya san sai a tallafi fayif kusa da wurin yanka, a bar guntun ya faɗi da kansa yadda bakin zai buɗe. Yaron da ya shigo aiki wata biyu da suka wuce ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa. Ya ga ana yi ne, shi ma ya yi. Haɗa da cewa hannun riƙo na gefe shi ma an daɗe da kwance shi, sai ka ga ana sarrafa injin da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da fayif, tazarar yatsu huɗu daga faifan. Rigar da ke da faɗin hannu ko carbin da ke lilo a wuya kuwa, faifai ba ya tambaya kafin ya naɗe su.

Sai kuma haɗarin da yake namu ne na kanmu, wanda littafin kamfanin Jamus ko Japan ba lallai ya yi tunaninsa kamar mu ba. Ana cikin yanka a ɗauke wuta, ko janareta ya mutu. Yaro ya ajiye injin a ƙasa, ko a kan cinyarsa, maɓallin na kulle a kunne. Wuta ta dawo, injin ya tashi shi kaɗai ya kama tsalle a tsakanin ƙafafun mutane. Akwai injunan da aka ƙera yadda ba za su tashi ba sai an sake kunna su, akwai kuma masu maɓallin da da zarar ka saki hannu sun mutu. Sun fi tsada, shi ya sa ba su ne ake gani a hannun yara ba.

Abin da ke cikin fayif ɗin ma magana ce, musamman a nan inda yawancin aiki rushe tsohon gida ne ko yi masa kwaskwarima. Fayif ɗin bango na iya ɗauke da waya mai wuta. Wanda ya taɓa ɗaukar gas ko fetur, ko tsohon tanki, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tsofaffin bututun ruwa da rufin sili na asbestos in aka sa musu inji suna tada ƙurar da ke zama a huhu, cutar ba ta bayyana sai bayan shekara ashirin ko fiye, lokacin da ba wanda zai tuna da ginin da aka shaƙe ta. Masu aikin famfo da ke gasa bakin fayif na roba a wutar kwali don ya buɗe, hayaƙin da suke shaƙa mai ƙona maƙogwaro ne. Ƙarar injin kanta ta wuce abin da kunne ke jurewa na tsawon yini, shi ya sa tsofaffin masu walda da yawa sai ka ɗaga murya suke ji.

Asibiti na kusa, amma kemis ake nufa

Abin takaici, yaron da ya ji rauni a Gyaɗi-Gyaɗi yana iya hango katangar ɗaya daga cikin manyan asibitocin Arewa daga saman ginin da yake aiki. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, yana cikin gari. Asibitin ido na ECWA a Sabon Gari ya fi shekara tamanin yana karɓar marasa lafiya. Duk da haka kemis ake fara nufa, domin wanda zai biya kuɗin shi ke zaɓar inda za a je, kuma ya san bambancin kuɗin ɗinki a kemis da kuɗin tiyata.

A nan ake asarar hannun da ya kamata a ceto. Faifai ba kamar wuƙa yake yanka ba: yana cin nama ya bar datti da ɓarɓashi a ciki. A bayan hannu da wuyan hannu, jijiyoyin da ke motsa yatsu suna dab da fata. In aka ɗinke fatar a sama aka bar jijiya a tsinke a ƙasa, ciwon zai warke tsaf, amma bayan mako uku yaron zai ga yatsa ba ya miƙewa ko ba ya lanƙwasa. A lokacin jijiyar ta ja baya, gyaran ya ninka wuya da tsada. Lebura da babban yatsansa ya mutu ba zai riƙe cebur yadda ya kamata ba, balle ya zama oga wata rana.

Ido ma haka. Ɗan ƙarfen da ya maƙale a baƙin ido yana fara tsatsa cikin 'yan awanni. Abin da ake yi a wurin aiki kowa ya sani: a hura, a sa tsinken ashana, a sa gefen takardar kuɗi, wani har harshe. Daga nan a sayo maganin ɗigawa ba tare da likita ya duba ba, alhali wasu magungunan na rage jan ido suna ƙara wa gyambon ido ƙarfi. Likitan ido kan cire irin wannan ɓarɓashi cikin mintuna kaɗan in an zo da wuri. Wanda ya huda ya shige cikin ƙwayar idon kuwa wani lokaci ba ya zafi sosai, sai gani ya fara dushewa.

Tunda mai karatu na iya zama shi ne a wurin ranar da abin ya faru, ga abin da ya kamata. A zare wayar injin tukuna. A danne raunin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, kada a yi ta buɗewa ana leƙawa. Kada a zuba man birki ko fetur ko baƙin mai ko ƙasa. In ɓallin faifai ya nitse a jiki ko a ido, kada a zare shi, a tallafe shi a tafi da shi a haka. In yatsa ya fita, a naɗe shi a ƙyalle mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, ba a ɗora naman kai tsaye a kan ƙanƙara ba. Likita ne zai ce ko za a iya mayar da shi. A tuna da allurar tetanus, wato rigakafin ciwon sarƙe haƙora. Kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Jinga

Za a ce min laifin yaran ne. A ba su gilashi su rataya a wuya. A ba su takalmi su sayar ko su ajiye na zuwa ɗaurin aure. Akwai gaskiya a ciki. A watan Afrilu zafin Kano na wuce digiri 40, gilashin roba mai arha yana yin gumi ya rufe gani, kuma a cikin samari wanda ya sa kayan kariya shi ake wa dariya a ce ya cika tsoro. Duk na yarda.

Amma ku dubi manyan ayyuka, kamar shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka ƙaddamar a 2020, ko kamfanonin da ke gina manyan tituna. Irin samarin nan ne dai, daga irin unguwannin nan, a cikin rana ɗaya, kuma za ka gan su da hular kwano da takalmi. Ba wa'azi aka yi musu ba. An ce wanda bai sa ba ba zai shiga ba, kuma akwai mai tsayawa a ƙofa. Ɗabi'ar ma'aikaci tana bin abin da mai biya ya ɗauka da muhimmanci. Mai ginin da ke ƙirga buhun siminti ɗaya bayan ɗaya, ya san sandar rodi nawa ta shiga dekin, ba zai ce ba shi da ikon sanin ko injin da ke aiki a filinsa yana da marfi ba.

Tushen matsalar yana cikin yadda ake biyan aiki. Kusan komai jinga ne. Mai gini ya kira mai walda uku, ya ba wanda ya fi sauke farashi. A cikin kuɗin nan mai waldan zai sayi faifai, ya zuba mai a janareta, ya sallami yara. Duk faifan da ya jefar saboda ya tsage, daga aljihunsa ne. Duk mintin da aka ɓata wajen ɗaure fayif a maƙama kafin a yanka, daga ribarsa ne. Tsarin da kansa yana saka wa mai gaggawa, yana cin tarar mai taka-tsantsan. In an ji rauni kuma, mai gini ya ce shi bai san yaron ba, da ogansa ya yi magana. Ɗan kwangila ya ce shi ma jinga ya bayar. Oga kuwa, wanda sau da yawa shi ma abin da zai ci gobe yake nema, ya biya ɗinki da allura, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ba na ɗora wa ogan duka laifin. A jerin nan shi ne na biyu a talauci.

Abin da doka ta ce

Mutane kan ɗauka lebura na rana ɗaya ba shi da wani haƙƙi a doka. Ba haka ba ne. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disambar 2010 ta fassara ma'aikaci da faɗi: wanda aka ɗauka da baki ko a rubuce, na dindindin ko na wucin gadi, ɗan koyo ko na rana, a ma'aikatun da ke da rajista da waɗanda ba su da ita. Ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. A mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, naira 700 ke nan a wata. Daga asusun ake biyan magani da diyya, har kashi 90 cikin ɗari na abin da mutum ke samu a wata in ya nakasa gaba ɗaya, kuma ba sai an tabbatar da laifin wani ba. Wanda ya ji rauni zai sanar da ubangidansa cikin kwana 14, ubangidan ya sanar da hukumar cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara ɗaya. Dokar ta kuma haɗa wanda ya ba da kwangila da ɗan kwangilar a kan alhakin kuɗin da ya kamata a zuba saboda aikin. Ke nan cewa da ogansa na yi magana ba ta isa ta wanke mai filaza ba.

Dokar Ƙwadago, a sashe na 59, ta hana sa yaron da bai kai shekara 16 ba aikin inji. Ku kwatanta wannan da fuskokin da kuke gani a wuraren walda bayan an tashi daga makaranta.

Inda gibin yake shi ne rigakafi. Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ita ce ginshiƙin kiyaye lafiyar ma'aikata a Najeriya, da masana'anta aka rubuta ta a zuciya, irin na Sharaɗa da Bompai da Chalawa, kuma masu nazarin harkar gini sun daɗe suna ƙorafin cewa ba ta kama wuraren gine-gine yadda ya kamata ba. Alhali Najeriya ta rattaba hannu a yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 kan lafiyar ma'aikata tun 1994. Ƙungiyar ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa duk shekara sanadin aiki, wasu miliyan 395 kuma na jin raunin da bai kai ga kisa ba, kuma gini na cikin sana'o'i mafiya haɗari. Yatsan da aka ɗinke a kemis ɗin lungu ba ya shiga kowane irin lissafi, domin ba inda aka rubuta shi.

Mu ajiye dokar Abuja, mu zo ga abin da muka karanta a zaure. Duk wanda ya yi Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin da aka yi wa gaɓoɓin ɗan Adam farashi. Diyyar rai raƙuma ɗari ce. Ido ɗaya rabin haka, hannu ɗaya rabin haka, kowane yatsa raƙuma goma. Ba ina cewa duk raunin da ya faru a wurin gini diyya ta hau kan mai ginin ba, wannan hukunci ne na alƙali bayan ya duba wanda ya yi sakaci. Amma al'ummar da malamanta ke karantar da cewa yatsa ɗaya ya kai raƙuma goma, bai dace a cikinta a sallami mai yatsan da kuɗin mota da sannu ba. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci lamuni ba. Da haka ne da ba a rubuta babin ba. Zan so in ji limaman Juma'a na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, waɗanda masu filazojin nan ke sahun gaba a masallatansu, sun ɗauki wannan a huɗuba.

Hukumar da ta fi kowa damar taɓa lamarin ita ce KNUPDA, domin ta hannunta izinin gini ke fitowa, kuma kowa ya san jan fentin da take shafawa a bangon da ya saɓa ƙa'ida. Ba na neman a takura wa mai gina ɗaki biyu a Darmanawa. Amma ginin kasuwanci mai hawa, wanda kuɗinsa ya kai ɗaruruwan miliyoyi, me zai hana a sa shaidar rajista da NSITF a cikin takardun da za a nuna kafin a ba shi izini? Ita ma NSITF, da ke da ofis a Kano, in tana jiran mai walda mai yara huɗu ya hau bene ya cike fom, za ta daɗe tana jira. Masu walda da masu aikin famfo da magina duk suna da ƙungiyoyi, suna da shugabanni, suna karɓar kuɗin mako. Ta nan ya kamata a bi, a yi musu rajista a dunƙule. Faifan da wa'adinsa ya wuce ko wanda ba shi da sunan kowa a jikinsa kuwa aikin hukumar SON ce da shugabannin kasuwa irin Ƙofar Ruwa da France Road.

Wani ɓangare na maganin ma bai kai nan ba. Yawancin fayif na roba ba ya buƙatar inji ko kaɗan. Akwai almakashinsa, akwai zarto, ba wuta ba tartsatsi, yankan ma ya fi fita daidai. Ana sa masa inji ne kawai don injin na kusa.

Kafin hukumomi su motsa, mai gini na iya gama nasa a yini ɗaya. Kamar yadda yake sayen siminti da kansa don kada a cuce shi, ya sa gilashin kariya da garkuwar fuska da faifai mai suna a cikin jerin kayan da zai sayo, kada ya bar su cikin kuɗin jinga inda za a cinye su. Gilashi ɗaya bai kai kuɗin buhun siminti ba. Ranar da ake ciniki, a gaban shaidu, a faɗi wanda zai ɗauki magani in wani ya ji rauni da asibitin da za a kai shi, a rubuta a takardar da aka rubuta farashi. In ya zo zagayensa na yamma kuma, ya ɗauki injin ya duba ko marfi da hannun riƙo na nan, ya tambayi shekarun yaron da ke yanka, ya juya faifan ya karanta shekarar da ke jikin zoben.